Haƙori na Sha Ɗaya

A Atami, inda dutse ke tsiyayar ruwan zafi zuwa teku,
akwai otal mai hawa tara, bakwai a kulle.
A hawa na biyu, bayan labule ruwan goro,
wani fiyanon lantarki na durƙushe
kamar saniyar da ta gaji da kiwo.
Ni ne likitarsa, in ji masu otal. Likitansa dai.

Sunana Tokuji. Jakata waya ce da dalma.
Shekara talatin da ɗaya ina leƙa cikin wannan dabba.
Haƙoranta jeri biyu, sama da ƙasa,
ga sanduna a gindi, rabon ƙafa,
kuma ba ta cewa uffan sai ta yi minti shida tana ɗumi,
tana gunaguni irin na tsohon da aka tasa da asuba.

Ƙarfe bakwai Mitsue ke shigowa.
Ta tuɓe takalmin hagu, ta ɗora shi kan kujera
kamar baƙon da ya biya kuɗin shiga.
Ta danna maɓalli ja,
sai ganga ta tashi, ba fata, ba makaɗi:
cik-cika-bum, cik-cika-bum,
tafiyar ƙaguwa cikin takalman gayu.

An rubuta "sarewa" a jikin wani maɓalli.
Ƙarya ce. Agwagwa ce mai mura.
Wanda aka ce goge ne,
sauro ne da ya ɗan taɓa makaranta.
Ƙahon kuwa, ƙaramin jirgin ruwa ne yana ba da haƙuri.
Ita ko sai ta tara agwagwa da sauro da jirgi
ta sa su gaisa,
har tsofaffi uku masu rigunan wanka
su ajiye kofi su kama kaɗa kai,
wai sun tuno zamanin da hawa taran ke cike,
ana rawa bene na rawa, ba girgizar ƙasa.

To akwai haƙori guda,
na sha ɗaya daga dama, jerin sama.
Ya mutu tun shekarar da guguwa ta yaye rufin kicin.
Danna shi: tsit.
Na nemi ɗan ƙarfensa a Osaka, na nema a gwanjon Tokyo,
takalmi biyu na kashe.
Sai bana na same shi a cikin wata gawa irin tata
da wata firamare ta fitar bakin bola.
Na dasa shi da rana, ban gaya wa kowa ba.
Na sa kwat ɗina na biki. Na zauna a gaba.

Cik-cika-bum.
Ta iso wurin da kullum kiɗan ke ɗan tsalle
kamar yarinya na ƙetare kududdufi,
sai ga sauti, tas,
lafiyayye, ƙato, ko sallama babu.
Hannunta ya tsaya.
Gangar ba ta tsaya ba, ita ba ta san kunya ba.

"Tokuji," ta ce, ba ta waiwayo ba,
"wa ya cike mini ramina?
Nan nake numfashi.
Nan mijina ke tari, can gefen taga,
kowane dare, daidai nan,
har tarin ya koyi bin ganga."

Kashegari na zo da filaya.
Waya ɗaya ce, siririya kamar gashin masara.
Ƙyas.
Ban rubuta kuɗin aiki ba.

Daren yau ana ruwa, baƙi biyu kacal,
da takalmin hagu, da ni.
Agwagwa ta yi murarta, jirgi ya ba da haƙuri.
Da aka zo haƙori na sha ɗaya
ɗakin ya buɗe baki bai ce komai ba,
sai wani tsoho daga Niigata, jiya ya sauka,
bai san mijin ba, bai san taga ba,
ya ɗan yi gyaran murya.

Mitsue ta wuce, tana dariya da kafaɗa.